Kundin What's Going On na Marvin Gaye a Sautin Hi-Res: Me Kunne Ke Samu, Me Data Ke Ci

Kafin mawaƙin Amurka Marvin Gaye ya buɗe baki a kundin What's Going On, hayaniyar mutane ce ke fara tarbar mai sauraro: maza suna gaisawa suna raha kamar a majalisar ƙofar gida bayan la'asar. Sai sakso ya ratso da 'yar gajeriyar busa, jitar bes ta biyo shi daga ƙasa. A lasifikar waya duk wannan a dunƙule yake fita kamar curin fura. Amma da iyafis mai igiya da fayil na kirki sai taron ya baje, wannan murya tana hagu dab da kunne, waccan tana dama can baya, har mutum ya fara ƙirga su. Cikin masu surutun akwai Mel Farr da Lem Barney, 'yan wasan ƙungiyar Detroit Lions ta ƙwallon Amurkawa, abokan mawaƙin. Daƙiƙa ashirin ɗin nan kaɗai sun isa mutum ya gane ko kayan sauraronsa suna kawo masa waƙar ko suna cinye masa rabinta a hanya.

Manhajar Apple Music, wadda ake samu a nan Najeriya a iPhone da Android, ta buɗe sauti marar ragi tun watan Yunin 2021 ba tare da ƙarin kuɗi ba. Hawa biyu ne: Lossless, sai na samansa, Hi-Res Lossless. Wannan kundi yana cikin tsofaffin ayyukan da aka sake kwafowa daga tef zuwa 24-bit/192kHz. Hukuncinmu tun daga nan shi ne: kundin ya cancanci duk tanadin da za a yi masa, kuma barin kwafin Xender zuwa Lossless kwalliya ce mai biyan kuɗin sabulu nan take. Hi-Res kuwa, yawancin masu kunna shi a Jos ba ya ma isa kunnensu, in kuma ya isa, ribarsa ƙanƙanuwa ce idan aka auna ta da datar da yake lashewa.

An fitar da kundin ranar 21 ga Mayu, 1971, a ƙarƙashin Tamla, reshen kamfanin Motown na birnin Detroit. Waƙoƙi 9 ne, minti 35 da 'yan kai. Waƙar farko ta samo tushe daga Renaldo Benson na ƙungiyar Four Tops, wanda ya ga 'yan sanda suna dukan masu zanga-zanga a Berkeley a 1969. Shi da Al Cleveland suka fara tsara ta, Marvin ya karɓa ya sake mata fasali. A lokacin yana cikin jimamin Tammi Terrell, abokiyar waƙarsa da ta rasu a Maris 1970, ga kuma labaran yaƙin Biyetnam da ƙanensa Frankie ya dawo da su. Berry Gordy, mai kamfanin, ƙin waƙar ya yi da farko. Da ta fita a Janairun 1971 ta yi kasuwa, sai aka sakar wa Marvin mara, aka naɗi sauran kundin cikin kusan kwana 10 a watan Maris. Mai magana a cikinsa soja ne da ya dawo gida ya tarar da rashin aiki, tsadar rayuwa, shaye-shaye da gurɓatar ƙasa da ruwa. Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da ƙarewar yaƙin basasarmu sa'ad da ya fito, kuma duk wanda ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Barikin Ladi ba ya buƙatar tafinta a waƙar "Mercy Mercy Me". A 2020 mujallar Rolling Stone ta sa shi na ɗaya cikin kundaye 500.

Abin da ya sa ingancin sauti ke da tasiri a wannan aiki musamman shi ne yadda aka gina shi. Ba kiɗa ba ne mai duka a ƙirji. Kayan kiɗa ne masu yawa, kowanne yana magana a hankali: bongo da konga na Eddie Brown, kacau-kacau, ƙararrawa, jita biyu, fiyano, masu goge daga ƙungiyar makaɗan birnin Detroit, 'yan amshi, duk a tsarin David Van De Pitte. Wannan ne karo na farko da Motown ta buga sunayen makaɗanta, waɗanda ake kira Funk Brothers, a jikin kwalin faifai. Kiɗa mai laushi da yawan shimfiɗa irin wannan shi ne ya fi jigata idan aka matse fayil, domin abin da matsewa ke zubarwa shi ne ƙananan sautukan da take ganin manya sun rufe su.

Lambobin nan biyu, 24 da 192, suna da ma'ana mai sauƙi. Na'ura tana auna sauti sau dubbai a kowace daƙiƙa ta rubuta shi da lambobi. Faifan CD yana awo sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16. Ƙa'idar ita ce fayil yana riƙe sautin da kaifinsa ya kai rabin yawan awon, saboda haka CD yana kaiwa 22,050Hz (Hz ma'aunin kaifin sauti ne). Kunnen yaro lafiyayye yana tsayawa wajen 20,000Hz, wanda ya haura shekara 40 kuwa da wuya ya wuce 15,000 ko 16,000. Fayil mai 192kHz yana kaiwa 96,000Hz, can yankin da jemage ke ji. Shi kuma bit tazara ce tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni: 16 yana ba da kusan desibel 96, 24 yana ba da 144 a lissafi. Tef ɗin situdiyo na wancan zamani bai fi desibel 60 zuwa 70 ba kafin shuuu ɗinsa ya rufe abin da ke ƙasa. Wato akushin CD ma ya fi tuwon da ke cikin tef ɗin girma. Injiniyoyi suna aiki da 24-bit ne don su sami sarari yayin haɗa sauti da gyara shi, kada kurakuran lissafi su taru. A wajen sauraro buƙatar ba ta kai haka ba.

To me ya sa mutane ke rantsuwa cewa na Hi-Res ya fi daɗi? Sau da yawa gaskiya suke faɗa, dalilin ne suke kuskurewa. Kowace fitowa ta tsohon kundi tana bi ta hannun mai gyaran ƙarshe, shi ne ke zaɓar tef ɗin da za a kwafa, ya daidaita kauri da kaifi, ya yanke shawarar yadda zai matse tazarar ƙarfi da rauni don waƙa ta yi ƙara. Tun daga shekarun 1990 aka shiga gasar ƙara, aka riƙa danne tsofaffin waƙoƙi har numfashinsu ya ƙare. Kwafin da ake yi don masu neman Hi-Res yawanci da sassauƙan hannu ake yinsa. Wannan sassaucin ne kunne ke ji, kuma da za a rage fayil ɗin nan zuwa ma'aunin CD, daɗin zai bi shi. Bincike ma haka ya nuna. A gwajin Meyer da Moran na 2007 masu sauraro sun kasa bambance Hi-Res da wanda aka rage zuwa ma'aunin CD. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara gwaje-gwaje 18, ya ga ana cin daidai kusan sau 52 cikin 100, masu horo kuma sun fi haka. Bambancin yana nan, amma siriri ne.

Datar kuwa ba siririya ba ce. A lissafin kamfanin Apple da kansa, waƙar minti 3 tana cin MB 6 a matsattsen hawan da aka saba na AAC 256, wato High Quality, MB 36 a Lossless mai 24/48, MB 145 a Hi-Res mai 24/192. A kan wannan lissafi, kundin nan zai ci wajen MB 70, ko MB 430, ko GB 1.7. Sauraro ɗaya ke nan. Kuma kunna shi kai tsaye yana neman intanet mai tsayuwa a kan Mbps 6 zuwa 7 ba yankewa, abin da ba kowace unguwa ke samu da magariba ba. Idan sabis ya yi rauni sai waƙa ta tsaya cik a tsakiya. Shawarar a nan guda ce: a sauke kundin gaba ɗaya a waya ta wayifai ko da datar dare, a bar kunnawa ta data a kan High Quality.

Babbar asara tana faruwa ne tsakanin waya da kunne. Fayil ɗin 24/192 idan aka warware shi yana gudu a kilobit 9,216 a daƙiƙa, na CD kuma 1,411. Bluetooth ba ya ɗaukar ko ɗaya cikinsu a tsarin da yawancin wayoyi ke amfani da shi. SBC, wanda ƙananan iyafis na kasuwa ke aiki da shi, yana tsayawa wajen 328. AirPods suna amfani da AAC, wajen 256. LDAC na Sony, wanda ya fi su, iyakarsa 990, kuma da mutum ya sa waya a aljihun baya ko ya shiga cunkoson kasuwar Terminus ta Jos sai ya sauka da kansa zuwa 660 ko 330. Saboda haka wanda ya sauke GB 1.7 ya kunna ta Bluetooth, ruwa ya ɗebo a kwando. Wayar za ta sake matse sautin kafin ta tura, alamar Hi-Res kuma tana nan a fuskar waya tana haske. Igiya ce hanya, babu wata.

Daga nan sai na'urar da ke mai da lambobi sauti, wadda ake kira DAC. Kowace waya tana da ita a ciki, amma ta cikin ba ta cika wuce 48kHz ba. 'Yar adaftar Apple fara, wadda ke haɗa waya da ramin 3.5mm, DAC ce cikakkiya mai tsafta, iyakarta 24/48, kuma ta wadatar ga Lossless. Abu biyu game da ita: samfurin da aka yi don Turai ƙarfinsa rabin na Amurka ne, sannan a wayoyin Android da yawa ƙararta kan fito ƙasa-ƙasa. Don wuce 48kHz sai an nemi ta waje, irin su FiiO KA11 ko Moondrop Dawn Pro, masu girman ɗan yatsa. Ba kasafai ake tarar da su a shagunan waya na titin Ahmadu Bello ba, yawanci odarsu ake yi daga Legas ko ƙasar waje. A kula da adaftar Type-C mai araha da ake rataye wa a leda: wasu igiya ce zalla babu DAC a ciki, ba sa aiki sai a wayar da ke fitar da sauti ta wannan rami. A gwada a gaban mai shago kafin a biya.

A iPhone abin yana tafiya daidai: da an haɗa DAC, wayar tana sauya ma'auni gwargwadon fayil. Daga iPhone 15 zuwa sama ramin Type-C ne, a soka kawai. Tsofaffi masu Lightning suna buƙatar igiyar OTG ta musamman, mai barin waya ta karɓi na'urar waje, ko adaftar kyamara, kuma idan DAC ɗin mai jan wuta ce wayar za ta ƙi ta, ta ce kayan ya fi ƙarfinta. A Android kuwa tsugune ba ta ƙare ba. Yawancin wayoyi, har da Tecno da Infinix da Samsung, suna bi da duk wani sauti ta wurin haɗawa guda wanda ke mai da shi 48kHz kafin ya fita. Manhajar USB Audio Player Pro tana kewaye wannan, sai dai ba ta kunna waƙoƙin Apple Music. Hanyar gane gaskiya ita ce 'yar fitilar da ke jikin DAC. A na'urorin FiiO da yawa shuɗi na nufin 48kHz ko ƙasa, rawaya na nufin sama da haka. Idan waya ta rubuta Hi-Res fitila kuma tana shuɗi, to 48 kake ji. Wasu wayoyin sai an kunna OTG a saiti kafin su ga na'urar ma. A kwamfutar Mac manhajar ba ta sauya ma'auni da kanta, sai an shiga Audio MIDI Setup an zaɓa da hannu.

Saitin manhajar bai da wuya, amma mantuwa ɗaya tana ɓata shi. A shiga Settings, sannan Audio Quality, a kunna Lossless, a zaɓi hawan da ake so don saukewa. Duk waƙar da aka riga aka sauke tana nan a tsohon hawanta, dole a goge ta a sake saukewa. A kashe Dolby Atmos, tsarin da ke sa sauti ya kewaye mai sauraro, domin idan yana kunne, haɗin Atmos ɗin manhajar za ta ba ka a duk inda yake, wanda sabon haɗi ne daban kuma matsattse. A kashe EQ, mai sauya kauri da kaifin sauti. A kashe Crossfade da Shuffle, kuma wannan ya fi duk sauran muhimmanci ga wannan kundi, za a ga dalili a ƙasa. Sannan a duba wace fitowa aka buɗe, domin akwai ta asali da wasu masu ƙarin waƙoƙi, ba kuma dukkansu ne ke ɗauke da alama iri ɗaya ba.

Idan kuɗin mutum na abu ɗaya ne, iyafis zai saya, ba DAC ba. Ƙananan iyafis masu igiya irin Moondrop Chu II ko 7Hz Salnotes Zero, waɗanda ba su wuce dala 20 zuwa 25 ba, sun isa su buɗe kundin nan. Mai son hedifon babba yana da Sony MDR-7506 mai ohm 63, wanda 'yar adafta ke iya turawa. Sennheiser HD 600 ya fi dacewa da muryar Marvin, amma ohm 300 ne, yana son ƙarfi, kuma bayansa a buɗe yake, duk hayaniyar ɗaki tana shiga. Kuskuren da aka fi yi da iyafis shi ne robar bakinsa. Guda uku ake sakowa a kwali, ƙarama da matsakaiciya da babba. Idan robar ba ta toshe kunne sosai ba, kaurin kiɗa ya zube, mutum ya ɗora laifi a kan kayan. A gwada babbar: in ka yi magana ka ji muryarka tana amo a cikin kanka, ta zauna.

Akwai matsaloli uku na garin nan. Na farko wuta. Sauraro waya tana caji, musamman da caja marar kyau, ko a kan janareta, ko inbatar da wutarta ba ta da santsi, yana shigo da gurnani ko tsiwa-tsiwa ta cikin DAC. A cire caja, gurnanin zai tafi. Na biyu hunturu. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu tana tara tartsatsi a jikin rigar sanyi da bargo, sai a ji ƙas-ƙas a kunne, wani lokaci DAC ta katse. Kayan lafiya lau suke. A taɓa ƙarfen ƙofa kafin a sa iyafis, a hana igiya gogar suwaita. Na uku hayaniya. Ɗaki mai shiru yana wajen desibel 30. Ruwan Agusta a kan kwano, ko injin maƙwabci, yana haɗiye duk ƙananan sautukan da aka sha wahalar nema, mutum kuma ya yi ta ƙara ƙara yana cutar kunnensa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Lokacin wannan kundi bayan isha'i ne, sa'ad da unguwa ta lafa.

Idan komai ya zauna, abu na farko da ke kama kunne shi ne bes ɗin James Jamerson. Jitarsa Fender Precision ce, da tsofaffin tsirkiya masu santsi waɗanda ba ya sauyawa, da soso a gindinsu don kashe dogon amo, kuma da ɗan yatsa ɗaya yake kaɗawa. Ana ba da labarin cewa a kwance a ƙasa ya kaɗa waƙar farko. Sautin gajere ne, mai kauri, kowane bugu da kansa da wutsiyarsa. Ba riƙe ƙasan waƙa kawai yake ba, zance yake yi da mawaƙin, yana hawa yana sauka kamar kalangu a hannun gwani. Tsirkiya mafi kauri a bes tana kaiwa 41Hz, lasifikar waya kuwa ba ta fitar da komai a can, shi ya sa mutane da yawa sun shekara suna jin waƙar nan ba su taɓa jin Jamerson ba. A MP3 mai 128 ana jinsa amma a jiƙe, bugu yana narkewa cikin bugu. A Lossless yana tsayuwa da ƙafarsa. Daga Lossless zuwa Hi-Res, a bes dai, babu abin da ya ƙaru.

Sai murya. Marvin ya rera waƙar farko sau biyu, ya nemi injiniyoyi Ken Sands da Steve Smith su ba shi duka don ya zaɓa. Aka kunna su tare bisa kuskure, ya ji, ya ce a bar su haka. Wannan kuskure ya zama salon kundin baki ɗaya: Marvin ɗaya yana jan baiti da murya mai taushi, wani Marvin yana amsa masa daga sama, kamar mawaƙi ya zama ɗan amshin kansa. A "Save the Children" abin ya fi fitowa, inda ɗaya ke faɗin kalmomin da baki, ɗayan yana rera su a bayansa, sannu a hankali har mai rerawar ya cim ma mai maganar ya wuce shi. A nan ne ingancin fayil ke da aiki na gaske. Ana jin inda ya ja numfashi, ana jin tazarar bakinsa da makirfo ta bambanta tsakanin naɗin biyu, ana jin amon ɗaki yana biyo kowace kalma yana mutuwa a hankali. Matsattsen fayil yana yanke wutsiyar amon nan, muryoyin biyu kuma su manne da juna. Idan akwai wurin da Hi-Res ke iya nuna kansa ga mai kunne da kayan kirki, to a wutsiyar amon nan ne da saman goge, inda ake jin ɗan ƙarin sarari. Abu ne da sai an kasa kunne an nema.

Waƙoƙi shida na fuskar farko ta faifan a sarƙe suke. Daga ta biyu zuwa ta shida babu tsayawa, kiɗa ɗaya ne ke sauya riga. "God Is Love", wadda ba ta kai minti 2 ba, tana gangarawa kai tsaye cikin "Mercy Mercy Me", kuma wannan mahaɗa tana cikin wurare mafi daɗi a kundin. Kwafin da masu tura waƙa ke zubawa a memori yakan sa ɗan shiru tsakanin kowane fayil, ya tsinka zaren. Crossfade yana cakuɗa ƙarshe da farko, Shuffle kuwa wargaza labarin yake gaba ɗaya. Apple Music tana haɗa su ba giɓi idan an sauke kundin, kuma a ganinmu wannan kaɗai ya fi ƙarin lambobin Hi-Res amfani. A "Mercy Mercy Me" a saurari bugun nan mai amo da ke dawowa kamar ana sara itace a cikin kwari, da busar Wild Bill Moore, sannan duhun da ke sauka a ƙarshe da sautin Mellotron, wani kayan kiɗa mai madannai kamar fiyano.

Fuska ta biyu Bob Babbitt ne a kan bes. "Right On" ta haura minti 7, da sarewa da fiyano da kayan kaɗe-kaɗe irin na Latin Amurka, kuma ita ce gwajin kaifi: abin gogawar nan mai ƙarr-ƙarr da kacau-kacau suna zama kamar ana murza leda a fayil mai rauni, a mai kyau kuwa kowane haƙori yana fita. A wuraren da kiɗa ya lafa, kamar "Wholy Holy", za a ji siririn shuuu a ƙasa. Na tef ne, ba laifin DAC ba, kuma jinsa alama ce mai kyau, domin masu goge shi da kwamfuta sukan goge har da iskar da ke kewaye da murya.

Akwai kuma haɗin Detroit. An fara haɗa kundin a Detroit a watan Afrilun 1971, daga baya Marvin ya sake haɗa shi a Los Angeles, wannan na biyun ne duniya ta sani. Na farkon ya fito a fitowar musamman ta 2001. Ya fi bushewa, ganguna sun fi matsowa gaba, muryoyin sun fi rabuwa. Tazarar da ke tsakanin haɗin biyu ta ninka tazarar Lossless da Hi-Res nesa ba kusa ba, kuma wanda yake son sanin abin da hannun injiniya ke yi wa waƙa, ya jera su ya saurara.

Inda manhajar ta gaza a bayyane yake. Ba ta faɗin daga wane tef aka kwafo kowace fitowa, ko wa ya yi gyaran ƙarshe, alhali wannan ne bayanin da ya fi lambobi amfani. Tana nuna alamar Hi-Res ko da sautin bai isa kunne a haka ba. Kuma fayil ɗin aro ne, ranar da biyan wata ya tsaya ya kulle. Inda ta yi kyau shi ne farashi ɗaya ga kowane hawa, da saukewa don sauraro ba intanet.

Mai son tabbatarwa da kunnensa ya kiyaye abu biyu. Ƙara ta zama daidai, domin ko rabin desibel ne ya fi, kunne zai ce wancan ya fi kyau. Sannan kada ya san wanne ake kunnawa. Wanda yake da fayil ɗin Hi-Res marar ragi na kansa, irin na FLAC, zai iya rage kwafinsa zuwa 16/44.1 da manhajar Audacity, ya gwada su a manhajar foobar2000 da ƙarin ABX, wanda ke kunna ɗaya a ɓoye mutum ya canki wanne ne, sau 16. Sai ya ci 12 ko fiye kafin a ce ba sa'a ba ce. Ga mai Android da iyafis na dala 20, Lossless ne wurin tsayawa. Mai iPhone da DAC da hedifon na kirki da wayifai, ya sauke Hi-Res na wannan kundin da 'yan kaɗan da yake ƙauna, domin wannan hawa yana cin wuri sosai.

Saura saiti ɗaya. A ƙarshen "Inner City Blues" kiɗa yana lafawa ya bar fiyano da murya, sai salon waƙar farko ya dawo da sakso, ganguna su yi ta nisa har su ɓace. Apple Music tana da Autoplay, alamarsa kamar 8 a kwance a cikin jerin waƙoƙin da ke tafe. Idan yana kunne, gangunan ba za su gama ɓacewa a kunne ba wata waƙa za ta faɗo. A kashe shi tun kafin a danna waƙar farko.